Babi na Shida: Masu Neman Masauki a San Antoniyo

Da magariba ta yi a wani dare na tsakiyar watan Disamba, mutane kan taru a wani dandali a tsakiyar birnin San Antoniyo, can kudancin jihar Teksas ta Amurka, kowa da kyandir a hannu. Lokacin sanyi ne, an sha manyan riguna, jarirai kuma an naɗe su cikin barguna. A gaban ayarin ga wata budurwa an lulluɓe ta da shuɗin mayafi, ga wani saurayi a gefenta riƙe da sanda. Su ne Maryamu da Yusufu na wannan shekarar. A bayansu makaɗa ne da jita da goge da ƙaho, sai yara da aka yi wa shigar makiyaya da ta mala'iku, sai sauran jama'a, tsofaffi na dogara sanda, matasa na ɗaga waya suna ɗaukar hoto.

Ayarin ya isa ƙofa ta farko, a ja birki. Na waje su rera waƙa da Sifaniyanci suna roƙon wurin kwana. Na ciki su mayar musu da waƙa, su hana su. A yi gaba. A ƙofar majalisar birni a roƙa, a hana. A ƙofar kotu a roƙa, a hana. Cikin masu riƙe da kyandir ɗin nan akwai waɗanda suka san wannan amsa a zahiri, ba a waƙa ba: akwai wanda aka taɓa hana hayar ɗaki saboda sunansa, akwai wadda ɗanta ke jiran takardar zama shekara da shekaru. Shi ya sa in ka dubi fuskokinsu za ka ga ba duka ne ke dariya ba. Sai a ƙarshe, a gaban babban cocin San Fernando, a roƙa a karo na ƙarshe, ƙofofi su buɗe, ƙararrawa ta kaɗa, a shiga da guɗa da tafi.

Sunan wannan al'ada Posada, ma'anarta masauki. Ana yin ta dare tara a jere, daga 16 zuwa 24 ga Disamba, kuma galibinta a unguwanni ake yi, gida gida. Ta tsakiyar birni ita ce babba da ake yi sau ɗaya. Tushenta yana Meksiko, a garin Akolman, inda a wajajen 1587 limaman Katolika suka samu izinin Paparoma su riƙa yin sujada ta musamman a waɗannan kwanaki tara. Daga harabar coci ta fita titi, daga titi ta shiga gidaje, kuma a gidajen ne ta yi saiwa. Wanda ya taso yana bin tashe a watan azumi, yana tsayawa ƙofa ƙofa da waƙa, ba zai sha wuyar gane daɗin abin ba, ko da yake labarin da ake bi daban ne. Bayan an buɗe ƙofa sai addu'a, sai ci da sha, sai a rataye wa yara piñata, wadda a da tukunyar ƙasa ce aka yi wa ado da takarda mai launi, da ƙahoni bakwai. A ɗaure wa yaro ido, a ba shi sanda. Tsofaffi kan gaya wa yaran cewa ƙahonin nan manyan zunubai bakwai ne, rufe ido kuma imani ne. Tukunya ta fashe, alewa ta zubo, yara su rufa mata.

Na fara da wannan dare ne domin a cikinsa akwai duk abin da nake son faɗa a babin nan. Mutanen da ke neman masauki a waƙa su ne mafi daɗewa a garin.

An kafa jama'ar San Fernando a 1731. A ranar 9 ga Maris na wannan shekarar ne mutum 56 suka iso daga tsibiran Kanari, waɗanda ke cikin teku kusa da gaɓar Maroko, bisa umarnin sarkin Sifaniya, suka tarar da sojoji da iyalansu da 'yan asalin ƙasar da ke zaune a wurin. An aza harsashin cocin a 1738. A lokacin babu wata ƙasa mai suna Amurka. Saura kusan shekara 40 a ayyana 'yancinta. Sunan cocin na wani sarkin Kastil ne, Fernando na Uku, wanda ya karɓe Kurɗuba a 1236 da Ishbiliya a 1248 daga hannun Musulmin Andalus. Wannan tarihi ne da mai karatu zai ji a jikinsa, kuma ba a ɓoye shi. Sai dai harshen da ake addu'a da shi a cocin bai rabu da Andalus ba har yau. Tsohuwar da ke cewa "ojalá" idan tana fatan jikanta ya samu aiki, kalma ce ta gada daga Larabci, 'yar'uwar "in sha Allahu" ɗin da muke faɗa kullum. Haka sunan sukari da na man zaitun da na shinkafa a bakinta.

Ginin yana nan inda aka aza shi, tutoci ne suka yi ta sauyawa a kansa. Sifaniya ta tafi a 1821, Meksiko ta zo. A 1836 daga hasumiyar wannan coci Janar Santa Anna na Meksiko ya sa aka ɗaga jan tuta don shaida wa 'yan tawayen Teksas da ke cikin sansanin Alamo cewa ba sassauci. A wannan shekarar Teksas ta ɓalle, a 1845 ta shiga Amurka, a 1848 kuma yarjejeniyar Guwadalupe Hidalgo ta miƙa wa Amurka kusan rabin ƙasar Meksiko. Mutanen yankin suna da wata magana da suke yawan faɗa, cewa ba su ne suka tsallake iyaka ba, iyaka ce ta tsallake su. Mutum ya kwanta ɗan gari, ya tashi baƙo a gidan ubansa.

Abin da ya biyo baya ba a filin yaƙi ya faru ba, shi ya sa ba a cika ba da labarinsa ba. Gonaki suka riƙa suɓucewa ta hanyar haraji da shari'a da barazana. Kujerun majalisar gari suka koma hannun sababbin zuwa. Coci ma bai tsira ba. Bishop na farko da aka naɗa wa Teksas, Jean-Marie Odin, Bafaranshe ne, kuma limaman da suka biyo shi mafi yawansu daga Turai suke. Cikinsu akwai masu kirki da suka koyi Sifaniyanci suka yi hidima da zuciya ɗaya. Amma da yawa suna kallon jerin gwano da ganguna da rawa da harbin bindiga sama a ranar biki a matsayin ƙauyanci, ko ma saura daga maguzanci. Ga wani bambanci kuma: Jamusawa da Polawa da Italiyawa da suka shigo Amurka sun zo da limamansu, sun gina cocinsu, ana musu wa'azi da harshensu. Ba nisa da San Antoniyo akwai ƙauyen Panna Maria, wanda Polawa suka kafa a 1854 tare da limaminsu. Su kuwa 'yan Meksiko, waɗanda aka tarar a wurin, an shafe fiye da ƙarni guda ba a naɗa ko mutum ɗaya daga cikinsu bishop ba. A cikin coci da yawa na kudu maso yammacin Amurka benci na baya ne nasu, ko a ba su ɗakin ƙarƙashin ƙasa a lokacin da ba mai so. A makaranta kuma, tun daga dokar da Teksas ta yi a 1918, Turanci kaɗai aka yarda a koyar da shi, kuma tsofaffi da yawa da ke raye yau suna tuna dukan da suka sha don an ji sun yi Sifaniyanci a filin wasa.

To, wa ya riƙe al'adar a duk tsawon wannan lokaci? Amsar da na gamsu da ita ita ce mata, musamman kakanni. A ƙauyukan da limamin coci ba ya zuwa sai bayan watanni, tsohuwa ce ke jagorantar addu'a in an yi rasuwa, ta ja carbin rosari dare tara. A kusurwar ɗakinta akwai ɗan teburi da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle, a kansa hoton Maryamu ta Guwadalupe, da kyandir cikin gilashi, da hoton mijinta marigayi, da na ɗanta cikin kakin soja, da busasshen ganyen dabino na bikin bara. Ba wani bishop da ya ba da izinin wannan teburi, kuma ba wanda zai iya ɗauke shi. A gabansa yaro ke koyon addu'arsa ta farko, a gabansa ake sa masa albarka in zai yi tafiya: kaka ta ɗora yatsa a goshinsa, ta ce masa "mijo", ɗana, ka je Allah ya kiyaye.

Sai kicin. Kwana kaɗan kafin Kirsimeti matan dangi kan haɗu a gida ɗaya tun da sassafe don yin tamales. An jiƙa ɓawon masara tun daren jiya. An dafa masara da farar ƙasa, an niƙa, an kwaɓa ƙullun da kitse har ya yi laushi. Ana zaune a kewayen teburi kowa da aikinta: wata na shafa ƙullu a ɓawo da bayan cokali, wata na zuba nama da miyar barkono, wata na naɗewa, kamar dai yadda ake ƙulla alala a ganye, wata na jerawa a tsaye cikin babbar tukunya don a turara. Ƙaramar cikinsu ita ake ba aikin wanke ɓawo, kuma za ta yi shekaru kafin a yarda ta taɓa ƙullu. Ana yin ɗaruruwa, aikin kan cinye yini guda. A cikin yinin nan ne yarinya ke jin sunan ƙauyen da kakar kakarta ta fito, da yadda aka tsallako kogi a zamanin juyin juya halin Meksiko na 1910, da wanda ya auri wa, da dalilin da ya sa ba a magana da gidan wane. Ba littafin da ya rubuta waɗannan. In aka daina zaman, sun tafi.

Dole a tsaya kan Guwadalupe, domin ba a gane waɗannan mutane sai da ita. Labarin da suka yi imani da shi shi ne, a watan Disamba na 1531, shekara 10 bayan Sifaniyawa sun rushe birnin Aztek, Maryamu ta bayyana ga wani talaka ɗan asalin ƙasar mai suna Juan Diego a tudun Tepeyak. Ta yi masa magana da harshensa na Nahuwatil, ta aike shi wurin Bishop Zumárraga ya gina mata ɗakin ibada. Bishop bai yarda ba, ya nemi shaida. Sai Juan Diego ya tsinko furanni a tudun cikin tsananin sanyi, ya ƙunso a mayafinsa, da ya warware sai ga surarta a jikin mayafin. Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kai, domin rubutattun labarin da aka buga sun fito ne a 1648 da 1649, fiye da shekara ɗari bayan lamarin. Wannan muhawara tana da muhallinta. Abin da ya shafe mu shi ne abin da talaka ya ji a cikin labarin: fatarta irin tasa ce, ba fara ba, harshensa ta yi, kuma shi ta aika wurin babba, ba babba ta aiko wurinsa ba. Suna kiranta La Morenita, wato 'yar baƙa, da irin muryar da ake kiran 'yar gida. Hotonta Fada Miguel Hidalgo ya ɗaga a matsayin tuta da ya fara yaƙin neman 'yancin Meksiko a 1810. Hotonta ne a gaba da César Chávez ya jagoranci ma'aikatan gonakin inabi suka taka daga Delano zuwa Sakaramento a 1966. A 2002 Paparoma John Paul na Biyu ya ayyana Juan Diego waliyyi.

A daren 11 ga Disamba, wayewar 12, ba a barci. Mutane kan cika coci tun tsakar dare ko kafin asuba, hannu ɗauke da furannin wardi, har a rasa inda za a ajiye. Makaɗan mariyaci, da ɗamammun kayansu masu maɓallan azurfa da faffaɗar malafa, su tsaya gaban hoton su rera mata waƙar barka da asuba, irin wadda ake tashin uwa da ita ranar haihuwarta. A waje 'yan rawar matacines na buga ƙafa da ƙasa, da gashin tsuntsu a ka, da caki a hannu, ganga na tashi kamar za ta tsaga ƙirji. An yi wa yara ƙanana shigar Juan Diego, har da gashin baki na gawayi. Mutumin da zai shiga aikin gini ƙarfe bakwai na safe yana tsaye a baya da kayan aikinsa, ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Da an tashi zai sha koko mai zafi ya wuce. San Fernando ta yi wannan biki tun zamanin Sifaniyawa, domin tun farko an sa cocin ƙarƙashin inuwar Maryamu biyu: ta Kandelariya da 'yan Kanari suka zo da ita, da ta Guwadalupe ta 'yan ƙasa.

Sauyi ya zo ne a shekarun 1960. Majalisar Batikan ta Biyu, wadda ta zauna daga 1962 zuwa 1965, ta yarda a riƙa yin Misa, babbar sujadar Katolika, da harshen jama'a maimakon Latin. A 1966, a garin Kuwernabaka na Meksiko, aka shigo da mariyaci cikin Misa da amincewar Bishop Sergio Méndez Arceo, abin ya bazu har Teksas. Har yau ana yin irinta ranar Lahadi a tsohon cocin San José da ke San Antoniyo. A daidai lokacin kuma 'ya'yan 'yan Meksiko a Amurka sun tashi neman haƙƙinsu a gona da makaranta da rumfar zaɓe, kuma ba su bar coci a baya ba. A 1969 limamai 'yan asalin Meksiko suka kafa ƙungiyar PADRES a San Antoniyo. A 1971 sistoci suka kafa tasu, Las Hermanas. A ranar 5 ga Mayu 1970 aka naɗa Patricio Flores bishop, ɗan 'yan ci-rani masu bin gonaki, wanda shi ma ya tsinci auduga yana yaro. Shi ne na farko daga cikinsu a tarihin Amurka, shekara 122 bayan yarjejeniyar 1848. A 1979 ya zama babban bishop na San Antoniyo, ya riƙe har 2004.

A 1972 Fada Virgilio Elizondo, ɗan unguwar yammacin birnin, ya kafa cibiyar koyar da al'adun 'yan Meksiko mazauna Amurka, inda limamai da sistoci daga ko'ina suke zuwa koyon harshe da halin mutanen da aka tura su yi wa hidima. Shi ne ya rubuta littafin Galilean Journey, inda ya ce Yesu ɗan Galili ne, yankin bakin iyaka da mutanen Urushalima ke rainawa saboda karin harshensu da gaurayen jininsu, don haka wanda ake ce wa shi ba cikakken ɗan Meksiko ba kuma ba cikakken Ba'amurke ba, kada ya ji kunya. Da ya zama shugaban San Fernando, daga 1983 zuwa 1995, bai ƙirƙiro sabon abu ba. Tsofaffin cocin ya tambaya yadda ake yi a da, ya buɗe musu ƙofa, ya fitar da abin titi. A zamaninsa aka fara watsa Misar Lahadi ta talabijin zuwa ƙasashen nahiyar. Wasan kwaikwayon gicciye Yesu da ake yi ranar Juma'ar da ke gaban Ista ya zama taron dubban mutane a titunan tsakiyar birni, kuma masu fitowa a ciki jama'ar cocin ne, makanikai da masu aikin ofis da ɗalibai, waɗanda kan shafe makonni suna gwaji bayan tashi daga aiki. A ranar 13 ga Satumba 1987 Paparoma John Paul na Biyu ya shiga cocin da ƙafarsa.

Kada mai karatu ya ɗauka duk abin kiɗa ne da rawa. A 1974 aka kafa ƙungiyar COPS a San Antoniyo, ƙarƙashin jagorancin Ernesto Cortés, kuma ginshiƙanta su ne cocin unguwannin talakawa. Unguwannin yamma ba su da magudanar ruwa, in aka yi ruwan sama gidaje su cika, yara su halaka a kwari. Matan da suka saba shirya bikin Guwadalupe da sayar da tamales don gyaran rufin coci, su ne suka cika zauren majalisar birni da takardun kasafin kuɗi a hannu, suka tsare shugabanni da tambaya, har aka gina magudanun aka shimfiɗa tituna. Wadda ta iya tara mutum ɗari biyar ƙarfe huɗu na asuba ba za ta kasa tara su ƙarfe huɗu na yamma ba.

Gwamnati ma ta ba da nata. A 1968 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar ware mako guda don tunawa da gadon Hispanik, wato mutanen da tushensu ke ƙasashen da ake Sifaniyanci. A 1988, zamanin Ronald Reagan, aka mayar da shi wata guda, daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Oktoba. An zaɓi ranar farawa ne don ita ce ranar 'yancin Kosta Rika da El Salbado da Guwatemala da Honduras da Nikaraguwa, ta Meksiko na biye a 16, ta Chile a 18. Coci da dama kan ware Lahadi ɗaya a watan: a shigo da tutocin ƙasashe, a yi karatu da harshe biyu, kowace ƙasa ta kafa teburin abincinta a haraba. Abu ne mai kyau, kuma ga yaron da aka taɓa dukan kakansa don harshe, ganin tutar a gaban bagadi ba ƙaramin abu ba ne. Amma ni ban yarda wannan ne ke riƙe gado ba. Akwai cocin da za a yi wannan biki a Satumba, a Oktoba kuma a mayar da Misar Sifaniyanci ƙarfe biyu na rana, ba a sa ko mutum ɗaya daga cikinsu a kwamitin kuɗi ba, mabuɗin zauren taro kuma sai sun roƙa. Wanda ake wa biki sau ɗaya a shekara baƙo ne. Ɗan gida shi ne mai mabuɗi.

Ita kanta kalmar Hispanik rumfa ce da ta rufe mutane daban daban. Ɗan Kuba yana da tasa Maryamu, ta Kobre, ranar 8 ga Satumba. 'Yan Peru na sa shunayya a watan Oktoba don jerin gwanon Ubangijin Mu'ujizai. Mutanen Fato Riko na ji da ranar Sarakuna Uku, 6 ga Janairu. Ɗan El Salbado yana rataye hoton Babban Bishop Óscar Romero, wanda aka harbe yana tsaka da Misa ranar 24 ga Maris 1980. Inda 'yan Meksiko suka fi yawa, sauran kan yi ƙorafin cewa an mayar da komai Guwadalupe, kuma ƙorafinsu na kan hanya. A cikin San Fernando akwai gunkin Baƙin Almasihu, kwafin wanda ke Eskipulas a Guwatemala, kuma ƙarƙashinsa kullum cike yake da kyandir da hotuna da 'yan takardu da mutane suka rubuta buƙatunsu. Da irin wannan ake faɗa wa wanda ya zo daga baya cewa akwai wurinsa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ƙidayar 2020 ta nuna 'yan Hispanik sun haura miliyan 62 a Amurka, kusan mutum ɗaya cikin biyar, kuma sun fi kashi ɗaya cikin uku na Katolikan ƙasar. A 2019 José Gómez, wanda aka haifa a Meksiko kuma ya taɓa riƙe San Antoniyo, ya zama shugaban majalisar bishop-bishop na Amurka. A ido an ci nasara. Amma binciken cibiyar Pew ya nuna cewa a 2010 kashi 67 cikin ɗari na manyansu Katolika ne, zuwa 2022 sun koma kashi 43. Wasu sun koma cocin Fentikos, inda fasto ɗan'uwansu ne, ya san sunan kowa, ana waƙa da tafi da Sifaniyanci. A can harshen na raye, ko da yake an bar Guwadalupe a ƙofa. Mafi yawan masu fita kuwa ba su koma ko'ina ba: waɗanda suka ce ba su da addini sun tashi daga kashi 10 zuwa 30, kuma matasan da aka haifa a Amurka ne suka fi yawa a ciki. Harshen ma haka. Cikin jikoki da tattaɓa-kunne, kusan ɗaya cikin uku ne kawai ke iya zama ya yi hira da Sifaniyanci.

Har suna aka laƙaba wa waɗannan yara: "no sabo". Kuskuren nahawu ne da yaro kan yi in yana son cewa bai sani ba, sai aka mayar da shi abin tsokana. Wannan ya fi komai ba ni takaici a cikin labarin. An doki kaka don ta yi harshen. Ta hana 'yarta don kada a doke ta. Yau kuma dangi na yi wa jika dariya don bai iya ba. Laifinsa ne? Yaron da aka kunyata a teburin tamales ba zai dawo baɗi ba, kuma ba Turanci ne ya kore shi ba. Duk Bahaushen da ya haifi 'ya'ya a Legas ko Akkara ko Landan, ya ji yadda ake musu in sun zo gida hutu sun buɗe baki, ya san irin wannan ciwo.

Coci da suka farga sun canza salo, don in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Ana raba takardar waƙar Posada da harshe biyu, gefe da gefe. Ana koyar da yara addini da Turanci amma a bar addu'o'in da kaka ke yi da Sifaniyanci, don su iya yi tare da ita. Bikin cika shekara 15 na 'ya mace, kinseñera, wanda limamai da yawa suka daɗe suna yi wa kallon almubazzaranci, an yi masa tsararren littafin albarka da Batikan ta amince da shi a 2007, da harshe biyu. A babban taron Katolikan Hispanik, Enkuwentro na biyar, wanda aka yi a Grapevine ta Teksas a watan Satumba 2018, batun matasa ne ya mamaye zaman, kuma abin da suka nema bai wuce a daina ajiye su a matsayin masu jera kujeru ba. Akwai masu ganin cewa in harshe ya tafi komai ya tafi, don haka sassauci cin amana ne. Na fahimce su, domin akwai abin da ke cikin "mijo" da ba ya fassaruwa. Amma ina ganin sun juya lissafin. Yarinyar da aka ba shuɗin mayafi ta zama Maryamu ta bana, ko da ba ta jin rabin abin da ake rerawa, ita ce za ta je ta tambayi kakarta ma'anarsa. Wadda aka ce sai ta iya kafin a sa ta, ba za ta tambayi kowa ba.

Hukuncina a kan San Antoniyo shi ne ta yi abin da wurare da yawa suka kasa, kuma ba limamanta ne suka fara ba. Su dai sun yi hankalin bin bayan tsofaffin mata a lokacin da ya dace. Aikin da ya rage ya fi na baya wuya, don a da daga waje ake rufe ƙofa, yanzu kuwa na ciki ne ke iya rufe ta a fuskar jikokinsu. A watan Maris na 2031 jama'ar San Fernando za su cika shekara 300. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa: yaran da za su ɗauki kyandir a Posadar waccan shekarar suna aji ɗaya da aji biyu a yanzu, kuma mafi yawansu da Turanci suke mafarki.